Babi na 6: Faranti, Barci da Kwanciyar Hankali ga Mai Ciwon Suga

Darasi na 1: Rabin faranti

'Yan'uwana mata, ku buɗe sabon shafi. Kowace ta zana da'ira babba, wato zagaye kamar bakin faranti. Ko ta karkace ba komai, ba gasar zane muke ba.

Ja layi daga sama zuwa ƙasa, ta tsakiya. A ɓangaren hagu rubuta GANYE. Ɓangaren dama ki raba shi biyu: ɗaya na nama, kifi, ƙwai ko wake, ɗaya na abinci mai sitaci kamar shinkafa ko burodi.

Me ya sa ganye ya cinye rabi? Suga idan ya yi yawa a jini yakan riƙa cin jijiyoyi sannu a hankali, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. A cikin ganyaye, tumatir, karas da lemo akwai sinadaran da ke rage wannan ɓarna. Likitoci suna kiransu antiyoksidan, bitamin C da bitamin E na daga cikinsu. Ki yanka tuffa ki ajiye, za ki ga ta yi duhu. Ki matsa wa ɗaya ɓarin lemon tsami, zai daɗe da haskensa. Aikinsu ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana.

To, ga inda ake tuntuɓe. Rabi na ce. Ba yankan tumatir uku a saman tulin shinkafa ba. Ɗora yatsanki a kan layin da kika ja. Duk abin da ke hagu ganye ne. Ki fara zuba ganyen, ya cika rabinsa, sannan sauran su biyo baya. Ganye da farko. Ku faɗa da ƙarfi: ganye da farko, rabin faranti. Madalla, haka nake so.

Sake zana farantin sau uku. Ina ganye? Hagu. Nawa ya ci? Rabi.

Makon jiya wata ta nuna min zanenta, ta ba shinkafa rabi, ganye ta matse shi a lungu. Haba! Sau nawa za a faɗa? Wata kuma ta ce tana shan ruwan lemo kofi biyu kullum. A'a. Ki ci lemon da tsokarsa. Idan aka matse, suga ya fi saurin shiga jini. Kuma ganye ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta miki, kada in ji an ajiye shi.

Darasi na 2: Barci

Rubuta lamba 7. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Ƙarancin barci yana sa suga ya ƙi sauka, yawan suga kuma yana tashin mutum fitsari cikin dare. Ki daina shan shayi ko kofi da yamma. Idan kin farka da gumi da rawar jiki, ki auna sugan jininki: ƙasa da 70 mg/dL suga ya faɗi, ki sha abu mai zaƙi nan take, gobe ki gaya wa likita.

Darasi na 3: Damuwa

Ciwon damuwa ya fi kama masu ciwon suga, kuma ya fi yawa ga mata. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2, komai ya fita ranki, ki je asibiti ki faɗa. Yana da magani.

Aikin gida: zana farantin sau biyar.