Yadda Ake Tantance Sharuɗɗan Abokin Hulɗa Kafin Ofishin Lauyoyi Ya Sa Hannu

A da, ofishin lauyoyi ne ke rubuta wasiƙar kama aiki, abokin hulɗa ya sa hannu, shi ke nan. Yanzu bankuna, kamfanonin inshora da sauran manyan kamfanoni su ke aiko da nasu kundin, wanda suke kira ƙa'idojin lauyoyin waje. Wani shafi goma ne, wani ya haura hamsin. Lauyan cikin gida na ofishin, wato wanda yake kare ofishin kansa, shi ke da alhakin karanta wannan kundi kafin a taɓa aikin.

Abu na farko shi ne rufe ƙofofin da sharuɗɗa ke shigowa ba da sani ba. Yawancin kundayen nan suna cewa fara aiki, ko aika takardar neman biya, daidai yake da amincewa da duk abin da ke ciki. Ma'aikacin sashen kuɗi zai shiga shafin da kamfanin ke karɓar takardun biya, ya ga akwatin "na amince", ya danna don ya wuce, alhali ya ɗaure ofishin gaba ɗaya. Haka babban lauyan da ya karɓi imel ya amsa da "mun gode, za mu fara". Wannan cinikin biri a sama ne. A kafa doka ɗaya: duk takardar sharuɗɗa ta bi ta adireshin imel guda, kuma a rubuta sunayen waɗanda kaɗai ke da ikon amincewa. Idan aikin na gaggawa ne, a aika gajeren saƙo kafin a fara: "Mun karɓi ƙa'idojinku, muna dubawa, fara aikinmu ba ya nufin mun amince da su."

Sai a duba wace takarda ce ke gaba idan biyun sun saɓa. Kusan kullum kundin kamfanin zai ce shi ne sama da wasiƙar ofis. Wasu ma suna ƙara cewa za su iya sauya ƙa'idojin ta hanyar sabunta shafinsu na intanet. Kada a bar wannan. A nemi kowane sauyi ya zo a rubuce, da sanarwar kwana 30, kuma a rubuta lamba da kwanan watan kundin da aka amince da shi.

Inda ya kamata a daɗe shi ne sharaɗin ɗaukar nauyin asara. Inshorar sana'a tana biyan diyyar da doka ta ɗora wa lauya saboda sakaci. Nauyin da ofis ya ɗauko wa kansa ta yarjejeniya, wanda ya wuce abin da doka ta ɗora masa, inshora da yawa ba sa rufe shi. To ka ga jimla irin "ofishin zai biya duk wata asara da ta taso daga aikin ko mai alaƙa da shi". Babu maganar sakaci a ciki, babu laifi. Ko lauya ya yi aikinsa tsaf, asara ta faru ta wata hanya, ana iya riƙe shi da wannan jimla, kuma kuɗin na iya fita daga aljihun masu ofis. Mataki na farko a nemi cire sharaɗin, domin doka ta riga ta ba abokin hulɗa damar kai ƙara kan sakaci. Idan sun ƙi, a taƙaita shi ga asarar kai tsaye da sakacin ofis ya jawo, bayan kotu ta tabbatar, a cire alƙawarin kare su a shari'ar da wani na uku ya shigar. Duk lafazin da aka tsaya a kai, a nuna wa dillalin inshora kafin sa hannu, a karɓi amsarsa a rubuce. Haka kalmomi irin "mafi girman matakin ƙwarewa" ko "tabbacin sakamako": a mayar da su ga ƙwarewa da kulawar da ake tsammani daga lauya na gari.

Iyakance yawan diyya kuwa ya danganta da inda ofis yake. A Ingila da Wales, hukumar SRA mai kula da aikin lauyoyi ta yarda a sa iyaka, amma ba ƙasa da mafi ƙarancin inshorar dole ba, wato fam miliyan 2, ko miliyan 3 ga ofisoshin da aka yi wa rajista a matsayin kamfani ko tarayya mai iyakantaccen alhaki. A Amurka, ƙa'ida ta 1.8 ta ƙungiyar lauyoyi ta ABA ta hana lauya iyakance alhakinsa tun kafin aiki, sai idan abokin hulɗar yana da wani lauya daban da ya wakilce shi a yarjejeniyar. Ofis mai rassa a ƙasashe da yawa ba zai yi amfani da lafazi ɗaya ko'ina ba.

Na biyu a haɗari shi ne cin karon muradi. Ƙa'idojin sana'a sun riga sun hana lauya tsaya wa wani a kan wanda yake wa aiki, amma kundayen nan suna faɗaɗa abin. Za a ce "abokin hulɗa" ya haɗa da uwar kamfani, rassanta da duk kamfanin da take da hannun jari a ciki, na yanzu da na nan gaba. Babban rukuni na iya ƙunsar ɗaruruwan kamfanoni, manhajar binciken cin karo kuwa ba ta gano sunan da ba a saka mata ba. Sai a wayi gari wani lauyan ofis ya shigar da ƙara a kan kamfanin da rukunin ya saya wata uku baya, ba wanda ya sani. Maganinsa a nemi jerin sunaye a maƙala a yarjejeniya, nauyin sabunta shi yana wuyan abokin hulɗa, kuma kamfanin da ba ya cikin jerin ba ya cikin kariya. Sharaɗin hana yi wa abokan gogayyarsu aiki wani abu ne daban: wannan shawara ce ta kasuwanci, shugabannin ofis ne za su yanke, da alƙaluma a gabansu. A kwatanta kuɗin da wannan aiki zai kawo a shekara da na ayyukan da za a rufe wa ƙofa. Wani lokaci da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Batun bayanai ya tsananta tun 2016, lokacin da takardu kimanin miliyan 11.5 suka fita daga ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca a Panama. Yanzu za a ga ana neman sanarwar kutse cikin awa 24. A lura da inda agogon yake farawa. "Daga faruwar abin" ba zai yiwu ba, domin ana iya ɗaukar makonni ba a gano kutse ba. A mayar da shi "daga lokacin da ofis ya tabbatar abin ya shafi bayananku". Dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ta ba kamfani awa 72 ya sanar da hukuma, don haka awa 48 tayi ne da suke iya karɓa. Idan sun nemi damar binciken na'urori, a tuna sirrin sauran abokan hulɗa yana cikin na'urorin nan. A miƙa takardar shaidar tsaron bayanai ta ISO 27001 da amsar tambayoyinsu, ziyara kuma sau ɗaya a shekara, da sanarwa, tare da ɗan rakiya. Sharaɗin goge komai bayan aiki ma a gyara shi: ofis na buƙatar kwafin fayil don kare kansa idan aka kai shi ƙara. Kafin a amsa kowane alƙawarin fasaha, a tambayi sashen kwamfuta ko da gaske suna yin abin.

Sharuɗɗan kuɗi ba sa rusa ofis, amma suna zubar da riba a hankali. Ana neman a rubuta lokaci da kason minti 6, kowane aiki a layinsa, a aika a tsarin LEDES na takardun neman biya ta na'ura, kuma takardar da ta wuce kwana 60 ko 90 ba a aika ba, ba za a biya ta ba. Wanda ya fi wahala shi ne alƙawarin cewa babu wanda ofis zai ba farashi mafi sauƙi. Kusan ba a iya bibiyarsa, kuma tabbatar da shi na bukatar tona sirrin wasu. A ƙi shi.

Bayan sa hannu aikin bai ƙare ba, kuma a nan ne ofisoshi da yawa ke sakaci: an yi wata guda ana ja-in-ja, sai kundin ya kwanta a fayil, lauyoyin da ke aikin ba su taɓa ganinsa ba. A fitar da taƙaitaccen shafi ɗaya ga duk wanda zai taɓa fayil ɗin: wa ya kamata a nemi izininsa kafin ƙara lauya, ko an hana amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, ko an hana ambatar sunan kamfanin a talla. Sunayen rassa su shiga manhajar cin karo a ranar. Wa'adin biya ya shiga na'urar sashen kuɗi. Wa'adin sanarwar kutse ya shiga rajista ɗaya da sashen kwamfuta zai iya buɗewa da tsakar dare, an jera abokan hulɗa daga mai gajeren wa'adi zuwa mai dogo, kowanne da adireshin da ya ce a aika masa.