Yadda nake koya wa masu jin Sifaniyanci "must" da danginta

Daga ɗakina a Birnin Kebbi nake koyar da Turanci ta intanet, kuma yawancin ɗalibaina masu jin Sifaniyanci ne. Na Madrid ba su ba ni wahala, lokacin sanyinsu agogonmu ɗaya ne. Na birnin Meziko ne ke cinye mini barci, don muna gabansu da awa 7: wanda ya tashi aiki ƙarfe 5 na yamma, ni nan sha biyun dare ta buga. Darasin da ya fi cin ranmu duka shi ne na kalmomin dole da na ladabi, wato must, have to, should, could da would. Ga yadda nake bi da shi, ko wani malami zai amfana.

Ka fara kashe "to" ɗin banza. Kusan kowane sabon ɗalibi sai ya ce maka "I must to go", saboda tun farko an koya masa cewa kalmar "ir" ta harshensu ita ce "to go", sai ya kwaso su tare. Ni jan kati gare ni, na kwalin madara na yanka. Da na ji "must to" ko "can to" sai in ɗaga shi gaban kyamara, ba na cewa uffan, shi zai gyara da bakinsa. Da katin nan nake korar "he musts" da "do you can". Mako biyu ya isa.

Inda za ka zauna ka daɗe shi ne tsakanin mustn't da don't have to. Wata ma'aikaciyar jinya da ke shirin neman aiki a Ingila, muna gwajin magana da majiyyaci, ta dube ni ta ce, "You don't have to eat before the operation." Nufinta kada ya ci komai. Abin da ta faɗa kuwa shi ne, in ya ga dama ya ci, in bai ga dama ba ya bari. Na ce mata, "Malama, kin ba shi izinin cin tuwo." Tushen matsalar, "no tienes que", wato don't have to na harshensu, a bakinsu yakan ɗauki ma'ana biyu, hani da rashin dole. Don haka nake raba musu da nasu kalmomin: don't have to shi ne "no hace falta" (ba dole ba ne), mustn't kuma "prohibido" (an hana). Sai in sa su rubuta dokokin wurin aikinsu na gaske, biyar na hani, biyar na abin da ba dole ba. Jimlolin littafi ba su kama zuciya kamar dokar da mutum ke tsoron karyawa gobe da safe.

A raina dai da ma'aunin fiƙihu nake jera su: must wajibi, should mustahabbi, don't have to halas ne yi da bari, mustn't haramun. Su ba na faɗa musu haka. Amma yaranmu masu shirin WAEC, da ka faɗa sau ɗaya shi ke nan.

Ka tuna musu must ba ta da jiya. Abin da ya wuce had to ne.

Sai ladabi. Masu jin Sifaniyanci suna da "kai" iri biyu, tú ta abokai da usted ta girmamawa, kamar yadda mu ke ce wa babba "ku". Turanci you ɗaya gare shi, sarki da bara, shi ya sa girmamawar ta koma cikin aikatau. A Sifaniya mutum ya ce wa mai shago "ponme un café", zuba mini kofi, ba rashin kunya ba ne. Mu ma in ka gama gaisawa da mai kifi a kasuwar Argungu, "ba ni na dubu biyu" ba laifi, gaisuwar ta ɗauke nauyin. Amma "give me a coffee" a Landan sai a harare ka. Buƙata ɗaya nake ba su, a buɗe taga, su roƙi mutum uku: aboki da "can you", baƙo da "could you", shugaban wurin aiki da "would you mind opening". Wannan ta ƙarshe tarko ce, don wanda ya yarda "no" zai ce, ko "not at all". Sai mun maimaita ta har sun daina firgita.

Aikin gida kuwa murya nake karɓa ta WhatsApp, minti ɗaya, ba rubutu ba, don "could you" da aka faɗa da tsawa umarni ce. Da safe nake saurare, ina shan kunu.