Kurakuran da aka fi yi da manyan motoci a Antaktika

Daga sansanin binciken Amurka na McMurdo da ke bakin teku a nahiyar Antaktika zuwa sansanin Amundsen-Scott da ke ƙuryar kudancin duniya, tafiyar kusan kilomita 1,600 ce a kan ƙanƙara. Duk shekara ayarin taraktoci kan kwashe makonni a wannan hanya, suna jan jakunkunan mai bisa faffaɗan robobi masu santsi. Babu gareji a hanya, babu mai kawo ɗauki da wuri. Yawancin ɓarnar da ake yi wa waɗannan injina, gaggawa ce ke jawo ta.

Sabon direba kan murza makulli da safe, ya ce zai kama hanya nan take. A sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, baƙin mai ya yi kauri kamar man shanu, ƙarfin batir kuma ya ragu ainun. Injin da aka tayar a haka sai ya yi ta cin kansa kafin mai ya zagaya. Maganinsa a jona hitar inji da lantarki tun dare. Idan a fili aka kwana, a lulluɓe shi da tampol a hura masa iska mai zafi. Ko ya tashi ma, kada a ɗora masa aiki. A riƙa ɗaga cokalin katafila ana saukewa a hankali har man haidirolik ya yi ɗumi, in ba haka ba tiyo ya fashe. Ƙarfe kansa yakan tsage a irin wannan sanyi idan aka fizge shi.

Sai batun mai. Dizal na yau da kullum yakan fitar da kaki ya toshe filta, shi ya sa Amurkawa ke amfani da AN8, ɗan'uwan man jirgin sama. A cika tanki kafin a kwanta, don kada raɓa ta taru a ciki ta daskare. Abin da mutane suka fi rainawa kuwa shi ne zuba mai babu safar hannu: man bai daskare ba, amma sanyinsa ɗaya da na waje, yana taɓa fata yake ƙone ta.

Wajen ajiye mota, a juya ta ta fuskanci iska, a rufe kowace kafa. Da safe a haƙe dusar da ta toshe salansa kafin a tayar da inji, domin hayaƙin da ya koma cikin ɗakin direba yana ɗauke da iskar guba mai kisa wadda ba a jin warinta.

Amma kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne yarda da abin da ido ya gani. Ƙanƙara takan tsage ta yi rami mai zurfi, dusa ta rufe bakinsa, wurin ya zama sumul kamar babu komai. Don haka ake sa ƙaramar mota a gaban ayari, da na'urar rada a kan dogon sanda tana leƙa ƙarƙashi, a kafa tutoci inda aka tabbatar. Direban da ya bar layin tutoci don yanke hanya, ransa ya sa a caca, da na duk wanda zai je ceto shi.

Haka kan ƙanƙarar teku. A watan Janairun 1956 ta fashe da taraktar wani direba Ba'amurke mai suna Richard Williams kusa da McMurdo, ya nutse tare da ita. Sunansa aka sa wa filin jirgin sama na Williams. Kafin babbar mota ta hau, a huda ƙanƙarar a auna kaurinta, a gwada da nauyin motar da kayanta, a kuma sake aunawa duk inda aka tarar da tsaga.