Darasi na 7: Kalori nawa jikinka yake buƙata a yini?

Kamar yadda ake auna gero da mudu, haka ake auna ƙarfin da ke cikin abinci da kalori. Idan ka ci fiye da abin da jiki ya ƙona, saura ya zama kitse. Idan bai kai ba, sai ka fara ramewa.

Fara da hawa sikeli a asibiti ko kemis, ka rubuta nauyinka da kilo. Mai aikin zaune ya ninka nauyinsa sau 30, mai yawan kai-kawo sau 35, mai aikin ƙarfi sau 40. Wannan ƙiyasi ne, amma ya isa a fara da shi.

Ga tela mai kilo 70 da ke wuni kan keken ɗinki a cikin garin Sakkwato: 70 × 30 = 2,100. Ga manomi a fadamar Kwalkwalawa, shi ma kilo 70: 70 × 40 = 2,800. Kowannensu idan ya tsaya kan adadinsa, nauyinsa zai zauna inda yake.

Idan telan yana son rage ƙiba, sai ya cire 500, ya koma 1,600. A haka zai iya sauke kusan rabin kilo a mako. Kada ya bar tuwo ya zauna da yunwa, wannan wahalar da kai ce kawai. Ya duba mai da sukari, don nan kalori ke ɓuya. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, alhali uwargida kan zuba ludayi guda a miya ba ta ko lura ba. Kwalbar lemo mai sukari ta kusa 150, ga shi lokacin bazara mutum sai ya sha biyu kafin La'asar. Ruwan randa kuwa ba shi da ko ɗaya. A ƙara zogale da rama a kwano, a rage ƙosai da masa.

Mai son ƙara jiki ya ɗora 300 zuwa 500 a kan adadinsa: fura da nono, gyaɗa, wake, ƙwai.

Malama, idan kina da juna biyu ko kina shayarwa, kada ki rage abinci. Mai ciwon suga ya tuntuɓi likita tukuna. Wanda kuma yake ramewa ba dalili, musamman in da tari, ya tafi asibiti.

Aikin gida: Mai tura baro a kasuwar Kara yana da kilo 60. Kalori nawa yake buƙata a yini? Idan yana son ƙara jiki fa?