Yadda ake haɗa tarihin kamfani da hotunan kwastomomi a jadawali mai motsi

Jadawalin tarihi mai motsi shi ne irin wanda mai ziyartar shafin intanet yake ja da yatsa ko ya danna kibiya, yana tafiya daga shekara zuwa shekara, kowace da hotonta da ɗan bayaninta. Kamfanoni da yawa suna cika shi da labarin kansu kaɗai: an buɗe reshe, an sayo sabon inji, an karɓi lambar yabo. Mai saye ba ya daɗewa a kan irin wannan. Abin da ke tsayar da shi shi ne, inda kamfani ya ce a shekara kaza ya fara saka sola a gidaje, ya ga kusa da wurin hoton wani mai shago da aka saka wa a shekarar, da maganarsa cewa har yau batir bai ba shi matsala ba. Saboda haka a tsara aikin tun farko yadda kowace magana ta kamfani za ta samu shaida daga bakin kwastoma.

A fara da takarda kafin a taɓa kwamfuta. A rubuta abubuwan da suka faru a kamfanin, a zaɓi goma zuwa goma sha biyu waɗanda suka canza wani abu ga mai saye, sannan a nemi na kwastomomi shida zuwa takwas da suka dace da su. Masu TimelineJS, manhajar da za a haɗa jadawalin da ita, su da kansu suna ba da shawarar kada a wuce shafuka 20, kuma gaskiyarsu ce, domin daga nan mutum ya fara tsallake.

TimelineJS ɗin nan manhaja ce ta kyauta daga Knight Lab na Jami'ar Northwestern da ke Amurka, kuma ita ce hanya mafi sauƙi ga wanda ba ya rubuta lambobin kwamfuta. Tana karanta komai daga takardar Google Sheets. A shiga shafinta, a kwafi samfurin takardar da suka tanada, a share misalan da ke ciki. Layin farko na sama, mai ɗauke da sunayen gurabe, kada a taɓa shi, kada a fassara shi zuwa Hausa, kada a goge gurbin da ba a buƙata. Harafi ɗaya ya canza a nan, jadawalin yana iya ƙin buɗewa daidai.

Kowane layi shafi ɗaya ne. A gurbin Year ana sa shekara da lambobi, a Month kuma lambar wata, 3 ke nan maimakon Maris. Wanda ke son kwanan wata ya fito da Hausa sai ya rubuta shi a gurbin Display Date, misali "Maris 2019" ko "bayan ƙaramar sallah, 2021", manhajar ta nuna wannan amma ta jera shafin bisa lambobin. Headline kanun shafi ne, Text bayani, kuma jimla biyu ko uku sun isa. Layin da zai zama bango ana rubuta masa title a gurbin Type. Gurbin da ya fi amfani ga wannan aiki shi ne Group: a rubuta "Kamfani" a wasu layuka, "Kwastomomi" a wasu, sai ma'aunin shekarun da ke ƙasa ya rabu gida biyu, mai kallo ya ga abin da kamfani ya yi a sama da abin da mutane suka ce a ƙasansa.

Idan an gama, a shiga File, a zaɓi Share, sannan Publish to web. Sai a kai wa TimelineJS adireshin takardar kamar yadda shafinta ya nuna. Za ta ba da 'yar lambar iframe, wato tagar da jadawalin zai bayyana a cikinta, wadda ake liƙawa a shafin kamfani, faɗinta kashi 100, tsayinta fiksel 650. Takardar da aka wallafa haka kowa na iya karanta ta, don haka lambar wayar kwastoma ko bayanin cinikinsa ba su da wurin zama a ciki, ko da a gefe ne.

Hotuna su ne inda aiki ya fi lalacewa. Gurbin Media yana son adireshin hoton kai tsaye, wanda ya ƙare da jpg ko png. Mahaɗin rabawa na Google Drive sau da yawa shafi yake buɗewa maimakon hoto, sai a ga fili fari. Jawo rubutu kai tsaye daga Facebook ko Instagram ko X shi ma ba abin dogaro ba ne: ranar da mai shi ya goge, ko ya kulle asusunsa, ko dandalin ya canza ƙa'ida, shafin ya zama kango. A karɓi hoton, a ɗora shi a rumbun shafin kamfani. Faɗin fiksel 1200 ya wadatar, nauyi kada ya wuce KB 200. Hoto ɗaya daga kyamarar waya yana kaiwa MB 3 zuwa 5, kuma guda 20 irinsa sun isa su cinye datar mai ziyara kafin ya karanta komai. Bidiyo kuwa a sa shi a YouTube a kawo adireshinsa.

Kafin duk wannan akwai izini. Hoton da kwastoma ya ɗauka nasa ne, kuma sa sunan kamfani da ya yi a rubutunsa ba ya nufin ya yarda a yi talla da shi. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi suna da fuskar mutum, mai hulɗa da Turai kuma yana ƙarƙashin GDPR, dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, tun 2018. A tura saƙo a faɗi hoton da ake so, inda za a sa shi, da sunan da za a rubuta a gurbin Media Credit, a adana amsar a wata takarda dabam. Wasu za su yarda da hoton kaya amma ban da fuska, wasu matan aure za su ce a sa sunan sana'arsu kawai. Hoton yara sai da yardar iyaye. Duk wanda ya dawo ya ce a cire, a goge layinsa a ranar, jadawalin zai gyaru da kansa.

Akwai abu biyu game da WhatsApp. Hoton da aka turo a matsayin hoto yakan rasa ainihin ranar da aka ɗauke shi, sai a tambayi mai shi wata da shekara, kada a yi kintace. Wanda aka turo a matsayin fayil kuma yana iya zuwa da bayanin wurin da aka ɗauka a ɓoye a cikinsa, wato adireshin gidan mutum. A goge wannan bayanin kafin a ɗora. Maganar kwastoma ana iya taƙaita ta, amma ba a ƙara mata gishiri.

Gwaji a yi shi a ƙaramar wayar Android da datar layi, ba a kwamfutar ofis ba. A duba ko ɓ, ɗ da ƙ sun fito daidai, domin wasu salon haruffa ba su da su, sai su bayyana da wani fasali dabam ko ɗan akwati. Idan haka ta faru a canza salon a cikin zaɓin manhajar har a dace. Kamfanin da sabon aikinsa ya fi tsohon kyau yana iya zaɓar jadawalin ya buɗe daga ƙarshe.

Google ba ya lissafa abin da ke cikin iframe kamar rubutun shafin da kansa, manhajar da makafi ke karatu da ita ma takan sha wahala a ciki. A rubuta jerin shekarun da kanunsu da rubutu na yau da kullum a ƙarƙashin jadawalin. Duk bayan wata uku wani ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya, ya cire hoton da ya mutu, in za a ƙara sabon layi kuma a fitar da mafi rauni cikin tsofaffin.