Yadda za ka jure satittikan farko na maganin ciwon damuwa ba tare da ka watsar da shi ba

Abin da ba a cika gaya wa mutum ba ranar da aka rubuta masa maganin ciwon damuwa shi ne, wahalar maganin tana riga amfaninsa isowa. Ni da likita ya ɗora ni a kan sertraline, kwana uku kacal na fara jin tashin zuciya, hamma ba ƙaƙƙautawa, tafin hannu na gumi, da dare kuma ido biyu har gari ya waye, ga shi baƙin cikin da ya kai ni asibitin yana nan daram ko gezau bai yi ba. Wallahi har na ɗauki kwalin zan jefa a shara. A daidai nan mutane da yawa suke barin magani, shi ya sa nake son ka san lissafin tun wuri: laulayin maganin yakan zo a sati na farko ko na biyu sannan yawancinsa ya lafa da kansa, shi kuma sauƙin sai an yi sati 2 zuwa 4 ake fara jin alamarsa, wani ma sai sati 6 zuwa 8.

To fara da sanin wanne aka ba ka, don ba halinsu ɗaya ba. Su fluoxetine, sertraline da escitalopram gida ɗaya ne, ana ce musu SSRI, sun fi taɓa ciki da barci. In tashin zuciya ne, kar ka sha ciki ba komai, ka ci wani abu tukuna. In barci yake hana ka, tambayi likita ko za ka mayar da shi safe, in kuma kasala yake sa ka sai a mayar dare. Amitriptyline tsohon magani ne, nasa salon daban, bushewar baki, taurin bayan gida, barci mai nauyi da jiri in ka miƙe da sauri. Ka riƙa kurɓar ruwa akai-akai, in za ka tashi daga kwance ka ɗan zauna bakin gado kafin ka miƙe. Mirtazapine kuwa barci da yunwa yake kawowa, jiki yana iya ƙaruwa. Kuma ko wanne ne, in yana sa ka gyangyaɗi kar ka tuƙa mota sai ka gane yadda jikinka ya karɓe shi.

Akwai wanda kunya take hana mutane faɗa, wato raguwar sha'awa ko jinkirin kawowa, maza da mata duka. Wannan ba lallai ya tafi da kansa ba kamar tashin zuciya, kuma na ga yadda shiru a kansa yake jawo zargi tsakanin miji da mata alhali laifin ƙwaya ce. Dan Allah ka buɗe baki ka gaya wa likita, ba kai ne na farko ba, ana iya rage adadin ko a canza zuwa wani irin mirtazapine ko bupropion da ba su cika taɓa wannan ɓangaren ba. Haka in ka ji zuciyarka ta zama kamar dutse, ba kuka ba dariya, shi ma abin faɗa ne.

Amma akwai waɗanda ba a haƙuri da su ko na kwana ɗaya. In tunanin kashe kai ya zo ko ya ƙaru, musamman ga ƴan ƙasa da shekara 25, ka gaya wa wani na kusa da kai yanzu, ku je asibiti tare. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa wannan gargaɗin a jikin magungunan tun 2004 saboda yara da matasa, a 2007 ta faɗaɗa shi har zuwa masu shekara 24. Haka in ka ga zazzaɓi mai zafi da rawar jiki da gumi da ruɗewa, ko ka kwana biyu ba barci amma ba gajiya, sai surutu da kashe kuɗi ba lissafi, nan ma ka je asibiti ba jinkiri. Kar ka haɗa da tramadol, haɗin yana da haɗari sosai. Ibuprofen da asfirin ma a yi hattara, suna ƙara yiwuwar zubar jini a ciki. Giya kuwa maida hannun agogo baya take yi. In ka manta ba ka sha ba, kar ka rama da biyu.

Wata dabara da ta taimake ni, na samu ƙaramin littafi kullum da yamma ina rubuta layi biyu, awa nawa na yi barci, me na ci, me ya dame ni. Ranar komawa asibiti ba sai na tsaya ina "to, da sauƙi dai" ba, sai in buɗe mu duba tare. A nan na ga ashe a sati na biyar na yi wanka kwana huɗu a jere ba wanda ya roƙe ni, na kuma ɗaga wayar ƙanwata da na yi wata guda ina kallo tana ƙara. Warkewa haka take zuwa, barci da cin abinci da ƙarfin jiki sukan fara dawowa kafin walwala, sau da yawa na gida ne suke riga ka gani.

Kuma kar ka bar wa ƙwaya aikin ita kaɗai. Ka tsayar da lokacin tashi, ka fita ka taka ko minti goma ne, ka yi ƙaramin abu ɗaya ko ba ka jin yi, don a wannan ciwon sai an motsa sha'awar yin abu take biyowa. In akwai halin ganin masanin halayyar ɗan Adam ku riƙa tattaunawa, ka haɗa biyun.

In ka ji garau, ba lokacin tsayawa ba ne, ana ci gaba aƙalla wata 6 don kar ciwon ya dawo. Yanke shi lokaci guda yana kawo jiri, saurin fushi, munanan mafarkai da wani abu kamar fizgar lantarki a kai, paroxetine da venlafaxine sun fi yin haka. Ba jaraba ba ce irin ta kayan maye, jiki ne ya saba. Ku zauna da likita ku tsara ragewa kaɗan-kaɗan cikin satittika ko watanni, in wani mataki ya yi maka nauyi ka koma ka faɗa a sassauta.