Gansakuka a tankin murjani: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

Duk wanda ya ajiye tankin ruwan gishiri mai murjani, wato halittar nan ta teku mai rai da ke manne wa dutse, zai ga gansakuka, ko ba daɗe ko ba jima. Fitowarta ba ita ce ke kashe tanki ba. Abin da ke kashe shi matakan da ake ɗauka ne cikin ruɗewa, a kama magani tun ba a san cutar ba.

Ka fara da duban abin da kyau, domin ba duk abin da ya lulluɓe dutse ne iri ɗaya ba. Idan tankin sabo ne, ka ga wata ƙura ruwan ƙasa ta kwanta a kan yashi da gilashi, diyatom ce. Siliket take ci, wani sinadari da ke narke a ruwa, kuma idan ya ƙare takan tafi da kanta cikin 'yan makonni. Ja mai santsi da ke shimfiɗuwa kamar mayafi, ta ɓantale a dunƙule idan ka hura mata ruwa, ba ma gansakuka ba ce, bakteriya ce da ake kira sayano, kuma ta fi son lungun da ruwa ba ya motsi, dauɗa na taruwa. Akwai kore mai dogon gashi. Akwai kuma wadda ake kira dino, mai yauƙi da zare-zare ɗauke da ƙananan kumfa, wadda sau da yawa takan ragu da dare ta dawo da an kunna fitila. Ita kuwa mai tauri ruwan hoda ko shunayya da ke manne wa dutse, kada ka taɓa ta, alamar lafiya ce, tana ma hana miyagun samun wurin kamawa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne neman sifili. Mutum ya ji cewa naitiret da fosfet, sinadaran da ke fitowa daga ragowar abinci da kashin kifi, su ne abincin gansakuka, sai ya tashi haiƙan ya kawar da su baki ɗaya: ya cika matatar ruwa da GFO, wani gari mai zuƙe fosfet, ya rage abincin kifi, ya yi ta canjin ruwa. Ya manta cewa shi kansa murjani da wata ƙaramar gansakuka yake rayuwa a cikin namansa, ita ke ba shi kaso mai yawa na abincinsa da launinsa. Idan ruwa ya wanke tas, murjani ya fara koɗewa, dino kuma ta sami fili, domin ita a irin wannan ruwan ta fi yaɗuwa. Wasu nau'o'inta guba gare su, suna kashe dodon koɗi. Mafi yawan masu kiwo suna riƙe naitiret tsakanin 2 zuwa 10 a ma'aunin ppm (kashi nawa ne cikin miliyan), fosfet kuma 0.03 zuwa 0.1. Idan fosfet ya yi yawa, a sauke shi sannu a hankali cikin makonni, don faɗuwarsa farat ɗaya na iya sa naman murjani ya saɓule. Sannan kada gwaji ya yaudare ka. Tanki na iya cika da koren gashi, gwajin kuma ya nuna sifili, saboda gansakukar tana shanye abin tun kafin ya tsaya a ruwa.

Ruwan da ake zubawa shi ma babbar ƙofa ce. Ruwan famfo, na rijiya ko na burtsatse, ko da garau yake a ido, yakan zo da siliket, naitiret ko fosfet. A yi amfani da wanda aka tace da na'urar RO/DI mai cire sinadarai daga ruwa, ma'aunin TDS, mai auna abin da ya narke a ruwan, ya nuna 0. Idan ruwa ya ragu saboda tururi, da wannan tataccen ruwan za a cika, ba da na gishiri ba, tunda gishirin bai je ko'ina ba. Nauyin ruwan, wanda ke nuna yawan gishirinsa, ya tsaya kusa da 1.025, zafinsa wajen digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Celsius.

Batun abinci da haske gajere ne. Ka ba kifi abin da zai cinye cikin minti ɗaya ko biyu. Fitila awa 8 zuwa 10 ta isa, kuma kada rana ta riƙa dukan tankin ta taga. Kashe fitila na kwana 3 na iya karya lagon sayano ko dino, amma muddin tushen matsalar na nan, za su dawo.

Wasu kuma sukan sayo tulin dodon koɗi lokaci guda. Su cinye abin da ke akwai, yunwa ta kashe su, gawarsu ta ruɓe ta zama sabon takin gansakuka. A sa kaɗan, irin Trochus ko Turbo, a ƙara idan an ga buƙata. Dodon koɗi ba ya son dogon gashi, sai ka fara cire shi da hannu. Ka kama tushen da yatsu ko buroshin goge baki sabo, tiyo na kusa yana zuƙe duk abin da ya ɓalle zuwa bokiti, don gutsuren da ya sulale zai je ya kama wani wurin. Kifayen tang suna kiwo sosai, amma zalunci ne a kulle su a ƙaramin tanki don kawai su yi shara.

Maganin kwalba shi ne na ƙarshe. Duk mai ɗauke da jan ƙarfe haramiyar wannan tanki ne, yana kashe murjani, jatan lande da dodon koɗi. Maganin Fluconazole kan yi aiki a kan Bryopsis, wata gansakuka mai ganye kamar gashin tsuntsu, amma sai an tabbatar ita ce. Haka kuma kada a kwashe duwatsu duka a wanke, ko a birkita yashi rana ɗaya, domin a nan bakteriya masu amfani suke zaune.

Abin da ke aiki a kan koren gashi da sayano shi ne ka canza wajen kashi 10 cikin 100 na ruwa kowane mako, ka hure dauɗar da ke ramukan dutse kafin canjin, ka wanke kofin sikima, wato na'urar da ke kwashe dauɗa da kumfa, da audugar matatar ruwa, ka karkata injin tura ruwa zuwa inda ruwa ya kwanta. Idan kana da wuri a ƙaramin tankin tace ruwa da ke ƙarƙashin babban, ka shuka Chaetomorpha, wata gansakuka mai amfani, da fitilarta da dare, ta riƙa ƙwace abincin, kai kuma kana rage ta idan ta cika. Ka canza abu ɗaya a lokaci guda, ka rubuta sakamakon gwaji, ka ba shi mako biyu zuwa uku kafin ka taɓa wani.